Alkawari

Daga Larabci muka samo wannan kalma: "al-ƙaul", wato magana, abin da baki ya furta. Bahaushe ya haɗiye "al-" ɗin ya mai da shi jikin kalmar, kamar yadda ya yi a alƙali da albasa. Wasu kan ce alkawali, wasu alkawari; Fulani kuma alkawal.

A bakinmu ta yi nauyi. Ba ma tsayawa kan yin alkawari, ɗaukarsa muke yi, shi ya sa ake cewa alkawari kaya ne. Ana cika shi, ana saɓa shi, ana karya shi.

Tun 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa, kuma wannan kalma ce sunan sassansa biyu, Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Ita ke ɗauke da "berit" ta Ibraniyanci, ɗaurin da Allah ya yi da Nuhu da Ibrahim. A ganina an dace da zaɓi. Yarjejeniya kan mutu idan ɗaya ya janye, amma Annabi Yusha'u ya koma ya fanso matarsa Gomer bayan ta ci amanarsa, Annabi Malakai kuma ya kira Allah mashaidin aure.

Na fi jin nauyin kalmar a gidan wani dattijo a ikkilisiyarmu. Shekara 9 matarsa na kwance da shanyewar ɓarin jiki, shi ke ba ta kunu da cokali. Na ce, "Baba, sannu da ƙoƙari." Ya ce, "Ɗana, ai na ɗauka a gaban Allah."