Riƙo

riƙo (suna, namiji). Asalinsa daga aikatau *riƙe*, wato kama abu da hannu ba tare da an sake shi ba.

1. Ɗaukar nauyin yaro: cinsa, suturarsa, kwanansa da tarbiyyarsa. Wanda ke hannun wani ba iyayensa ba shi ne *ɗan riƙo* ko *'yar riƙo*. A fiƙihu ana kiran irin wannan riƙo *hadana*, daga Larabci. A mazhabar Malikiyya, in aure ya mutu uwa ce ta fi cancanta, sannan kaka ta wajen uwa. Ana riƙon namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Ciyarwa tana wuyan uba.

2. Adana kayan wani bisa amana. A Kasuwar Oil Mill ta Rumukwurushi a Fatakwal, wadda ke ci ranar Laraba, ɗan kasuwa kan ce: "Alhaji, ga buhun albasa biyar, riƙe mini zuwa wata Laraba." Nan riƙo da *ajiya* ɗaya ne.

3. *Riƙon ƙwarya*: zama kan muƙami na ɗan lokaci. *Riƙon sakainar kashi*: wulaƙanta abin da aka damƙa wa mutum.

Bambanci: wanda ke hannun 'yan sanda ba a riƙo yake ba, a *tsare* yake. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya wajabta gurfanar da shi cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa.

Riƙo amana ce, kuma za a tambayi mai riƙo a kanta.