Tarihin da ke Cikin Jininmu

Ya ku malamaina da 'yan ajinmu, duk wanda ya tashi a Miga ya san sauron fadamar Kogin Haɗejiya da damina. Ina so in tuna mana cewa jininmu ma yana ɗauke da tarihin wannan yaƙi.

A 1954, Likita Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa yaran da suka gaji sikila daga ɓangare ɗaya, wato AS, sun fi jure zazzaɓin cizon sauro, domin sinadarin himogulobin na jininsu yana hana ƙwayar cutar sakewa. Daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar da bincike a ƙauyukan Garki, cikin Jihar Jigawa ta yau. An tarar wajen mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, amma masu SS da ƙyar suke kai girma.

Garkuwar da ta ceci kakanninmu ita ce ke zama amosanin jini idan aka gaje ta daga uwa da uba. Don haka, 'yan'uwa, mu kai 'ya'yanmu gwajin jini tun kafin a sa rana. Allah Ya ba mu zuri'a mai lafiya, amin.