Jakadan da aka kira gida daga Dakar: Ado Bayero da masana'antun Kano

A watan Oktoba na 1963 aka naɗa Alhaji Ado Bayero Sarkin Kano bayan rasuwar Sarki Muhammadu Inuwa. Naɗin ya same shi yana jakadan Najeriya a Senegal, inda aka tura shi a 1962 bayan ya riƙe muƙamin Wakilin Doka. Marubuta tarihi kan tsallake wannan zango saboda gajartarsa, alhali shi ne mabuɗin fahimtar shekara hamsin da ya yi a gadon Dabo. A Dakar ya wakilci ƙasa mai aiki da Ingilishi a gaban gwamnatin Shugaba Senghor mai aiki da Faransanci, kuma a ƙasar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, wanda zumuncinsa da fadar Kano ya faro tun zamanin mahaifin Ado, Sarki Abdullahi Bayero. Aikin jakada shi ne biyan buƙata da lalama inda ba ka da ikon tilastawa.

Wannan darasi ya yi masa rana, domin ba a jima ba gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa sauran. A daidai wannan zamani Bompai ta cika da masaƙu da injinan matse gyaɗa, aka buɗe yankin masana'antu na Sharaɗa, majemun fata suka kafu a Challawa. Jarin ya fito daga attajiran Kano da Kwarori da Indiyawa da 'yan Sin, leburorin kuwa daga kowane lungu na Najeriya. Baƙo ba ya binne dukiyarsa a garin da bai amince da shi ba, kuma fada ce ta zama wurin da ake kai kuka a yi sulhu.

Mai musu zai ce ai a idon wannan Sarki masaƙun suka mutu. Haka ne. Amma abin da ya rufe su shi ne tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da ya karya darajar Naira, da rashin wutar lantarki, da atamfar fasa-ƙwauri da ta mamaye Kantin Kwari. Babu ko ɗaya da ke ƙarƙashin hatimin Sarki. Abin da ke hannunsa shi ne amanar baƙi, ya kuwa riƙe ta har rasuwarsa a watan Yuni na 2014. Duk mai neman tayar da injinan Sharaɗa yau, bayan wuta da jari, sai ya nemi wannan amana.