Daga "in ka ga dama" zuwa "dole": tarihin inshorar lafiya a ƙasar nan

Jama'a, tun da fadar shugaban ƙasa ta ba da umarni a watan Satumban 2025 cewa duk kamfanin da ke neman kwangilar gwamnatin tarayya sai ya nuna shaidar ya sa ma'aikatansa a inshorar lafiya, abokaina 'yan kwangila suke ta kirana a waya kamar yau aka ƙirƙiro abin. To ba yau ba ne. Maganar nan ta girmi yawancinmu.

Tun a 1962 ministan lafiya na lokacin, Dakta Majekodunmi, ya kai ƙudirin inshorar lafiya majalisa a Legas, bai samu shiga ba. Aka yi ta kafa kwamitoci har zuwa 1999, lokacin da gwamnatin Janar Abdulsalami ta fitar da doka mai lamba 35 wadda ta kafa NHIS. Ita ma ta yi shekara shida a ajiye, sai a watan Yunin 2005 Obasanjo ya ƙaddamar da shirin, aka fara da mu ma'aikatan tarayya.

Lissafin a takarda mai sauƙi ne: wanda ya ɗauke ka aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari na tushen albashinka, kai ka zuba kashi 5, in an rubuta maka magani ka biya kashi 10 na kuɗinsa. Mu faɗi gaskiya, kashi 5 ɗin nan 'yan ƙwadago sun ƙi yarda a cire mana shekara da shekaru. Amma babbar ɓarakar tana cikin dokar kanta. Cewa ta yi mai ma'aikata goma ko fiye "yana iya" shiga. Wane ɗan kasuwa ne za a ce masa yana iya biya ya zaro kuɗi? Shi ya sa shirin ya zama kamar gadon ma'aikatan gwamnati, manomi da mai shago suna kallo daga nesa.

Wani abin da ya fi damun mu nan Arewa shi ne katin na miji ne da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Na ga magidanci a ofis riƙe da fom yana zufa, mata biyu, 'ya'ya tara, wa zai rubuta wa zai bari? Ragowar sai ka biya musu daban. Ga kuma masu ɗari-ɗari da kalmar inshora ta fuskar addini, har jihohi irin su Kano da suka kafa nasu suka kira shi taimakekeniya.

A 2014 Jonathan ya sa hannu a dokar lafiya ta ƙasa, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Kuɗin bai shiga kasafi ba sai a 2018. Sannan a watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a dokar da ta soke ta 1999, NHIS ta koma NHIA. A nan ne "yana iya" ta koma dole, goma ta sauko biyar, aka kuma kafa asusun masu rauni da aka ce zai ɗauki mutum miliyan 83. Shekara sittin cif daga ƙudirin Majekodunmi.

Ni dai abin da ke cina shi ne, dolen ta hau kan mai biya, amma mai kati fa? Daga 2012, naira 750 ake ba asibiti duk wata a kan kowane mutum, kuma ba a taɓa kuɗin ba sai a 2024, bayan farashin magani ya ninka ba adadi. Asibitoci na kukan kamfanonin HMO suna riƙe musu kuɗi, rigimar da ta yi zafi zamanin Farfesa Usman Yusuf. Tsakanin su biyun, kai ne a kan benci.

Bara na kai 'yata wani asibiti da zazzaɓi mai zafi. Muka yi wajen awa uku ana jiran lambar izini daga HMO. Da ta zo, mai ba da magani ya duba takardar ya ce, "Yallaɓai, wannan babu, sai dai a waje." Na tsallaka titi na saya da kuɗina, katin yana aljihu.

Duk da haka ba zan ce a watsar ba, don katin nan ne ya biya aikin da aka yi wa maiɗakina lokacin haihuwar autanmu, kuɗin da wallahi a lokacin ba ni da shi. Masu ma'aikata biyar zuwa sama, ku je ku yi rajista, doka ce. Su kuma hukumar, muna jiran ranar da za mu ji an ci tarar asibitin da ya ce babu magani alhali an biya shi.