Yadda 'Yan Sa Kai Suka Rayar da Taragan Bluebell a Ingila

A shekarar 1955 hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta rufe layin dogon da ya haɗa garin Lewes da East Grinstead a yankin Sussex, kudancin Ingila, bisa hujjar cewa ba ya kawo riba. Da maganar ta mutu a nan, ba don wata mata mai suna Margery Bessemer, mazauniyar ƙauyen Chailey ba. Ita ce ta tono tsohuwar dokar da aka gina layin a kanta, ta gano cewa wajibi ne jirage huɗu su bi shi kullum, zuwa da dawowa. Dole hukumar ta sake buɗewa a Agustan 1956, amma cikin fushi: aka sa jiragen a lokutan da ba su amfani kowa, aka kuma hana su tsayawa a tashoshin da dokar ba ta ambata ba. Da majalisa ta soke sharaɗin, sai aka rufe layin gaba ɗaya a watan Maris na 1958.

Shekara guda bayan haka, wasu ɗalibai samari suka kira taro don a ceto layin. Wani ma'aikacin reluwe, Bernard Holden, shi ya shugabanci zaman. Burinsu na farko shi ne su karɓi layin dukkansa, amma aljihu bai kai ba, sai suka haƙura da ɗan yankin da ke tsakanin tashar Sheffield Park da Horsted Keynes. A ranar 7 ga Agusta 1960 jirginsu na farko ya tashi da fasinja, da ɗan ƙaramin kan jirgi mai suna Stepney, ƙirar 1875. Taragai biyu kacal suka mallaka a lokacin. Mafarin ƙungiyar Bluebell ke nan.

Mai zuwa kallo, kan jirgi yake nufa. Shi ke hayaƙi, shi ke kuwwa, shi ake ɗauka hoto. Amma a ganina, wanda ke son ya auna ƙungiyar nan, ya leƙa wurin gyaran taragai da ke Horsted Keynes. Kan jirgi ƙarfe ne, yana iya jira. Tsohon tarago kuwa katako ne, rufinsa ma katako da aka lulluɓe da tamfol mai fenti, ga shi Ingila ruwa ba ya ɗaukewa. Da zarar tamfol ya tsage, ruwa zai riƙa sulalawa ta cikin ginshiƙai, waje fenti na ƙyalli, ciki ya ruɓe.

Labarin taragai huɗu na kamfanin Metropolitan ya isa misali. An ƙera su tsakanin 1898 da 1900 da katakon tik, suka yi ta jigilar mutanen Landan, daga baya aka mai da su ƙaramin layin Chesham, inda suka yi aiki har 1960. Bluebell ta saye su a 1961 don suna da araha, ta mora su iyakar morewa a shekarunta na farko, har suka gaji aka jingine su. Sai a shekarun 1990 wani rukunin 'yan sa kai ya ɗauki alkawarin tashin su. Aikin ba na gaggawa ba ne. A cire allunan jiki ɗaya bayan ɗaya, a sa wa kowanne lamba, a yanke inda ya ruɓe a dasa sabon katako, a kankare tsohon fenti har ƙwayar itacen ta fito, sannan a shafa man ƙyalli, a bari ya bushe, a goge, a sake shafawa, sau da yawa. Ga ɗinkin kujeru, ga marikin ƙofa na tagulla, ga birki da ƙafafu waɗanda dole su ci jarrabawar masu duba lafiyar jirgi, domin mutane za a ɗauka, ba ado za a ajiye ba. Masu aikin, wani malamin makaranta ne, wani akawu, wani ɗan fansho, ranar hutunsu suke bayarwa ba ko kwabo. Sannu ba ta hana zuwa: a 2006 aka gama na huɗun. A Janairun 2013, da ake bikin cika shekara 150 na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, taragan nan aka aro suka koma tsohon layinsu ɗauke da fasinja.

Akwai ma waɗanda aka kwaso daga gidajen mutane. A da, in tarago ya tsufa, kamfani kan cire ƙafafun ya sayar da gangar jikin, mai saye ya mai da shi ɗakin kwana ko wurin ajiya. Irin waɗannan, wasu na zamanin Sarauniya Biktoriya, 'yan Bluebell kan ɗauko su, su ɗora a kan ƙasan wani tsohon taragon kaya da aka rage wa tsawo. Taragan kaya kuwa, na kwal da na madara da sauransu, su ma suna da masu kula da su, ko da yake ba su kawo kuɗin tikiti.

Layin kansa ya ci gaba da tsawo. Ya kai Kingscote a 1994, amma kafin a isa East Grinstead sai da aka kwashe tulin shara da aka cika wani kwazazzabon layin da ita a Imberhorne. An shiga garin ranar 23 ga Maris 2013. Holden bai ga ranar ba, ya rasu a 2012 yana da shekara 104. Yau tsawon layin mil 11 ne, tashar Horsted Keynes kuma ta fito a shirin talabijin na Downton Abbey.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ƙungiyar ta yi ta neman gudummawa don gina manyan rumfuna na ajiye taragai. Rumfa ba ta jan 'yan kallo, amma taragon da aka kashe shekara goma ana gyara, in aka bar shi a fili, aikin zai dawo sabo. Duk wanda Allah ya kai shi Sussex, kada ya tsaya kallon hayaƙi kawai, ya sauka a Horsted Keynes ya ga masu guduma da zarto.