Dabarar Ƙarshe: Daga Teku Zuwa Ƙofar Kabuga

Akwai wasannin yaƙin jiragen ruwa da ake yi a kwamfuta, kuma masu son su kan nemi a ƙara musu dabarun ƙarshe, wato abin da jagoran jirgi zai yi idan ya tabbata an ci shi. Ni dai a ganina, kafin a ƙara irin wannan cikin wasa, ya kamata a tambayi tarihi abin da dabarar ke ci.

Tarihin teku ya ba mu misalai biyu. Ran 8 ga Afrilu, 1940, a tekun Norway, ƙaramin jirgin yaƙin Ingila mai suna Glowworm ya ga ba mafita, sai ya kai wa babban jirgin Jamus, Admiral Hipper, karo da gangan. Ya ji masa rauni, amma shi ya nutse da yawancin mutanensa. Na biyun ya faru tun ran 21 ga Yuni, 1919, a Scapa Flow, inda Admiral von Reuter ya umarci Jamusawa su nutsar da jiragensu da hannunsu don kada abokan gaba su raba su. Jirage 52 cikin 74 suka tafi ƙarƙashin ruwa.

To, mu a Kano ba mu da teku, amma mun san wannan rana. Ran 3 ga Fabrairu, 1903, sojojin Kanar Morland suka fasa birni ta wajen Ƙofar Kabuga, alhali Sarki Alu yana Sakkwato da yawancin mayaƙansa. Sarkin Shanu, wanda aka bar wa gari, ya tsaya a gidan sarki har aka kashe shi. Da labari ya iske rundunar a hanyar dawowa, sai ta rabu uku. Sarki Alu ya sulale ya bar ta, daga baya aka kama shi, aka kai shi Yola, sannan Lokoja, inda ya rasu a 1926. Waziri Ahmadu ya ja dawakinsa ya auka wa bindigogin Turawa a Kwatarkwashi a ƙarshen Fabrairu, ya faɗi a can, shi ya sa har yau ake ce masa Mai Shahada. Wambai Abbas kuwa ya komo gida da sauran jama'a ya miƙa wuya, Lugga ya naɗa shi sarki.

Abin lura shi ne, kowannensu akwai abin da ya so ya tserar: wani kansa da 'yancinsa, wani mutunci da addini, wani kuwa gari da mutanen cikinsa. Ba wanda ya sami duka. Wasa kan lissafa jiragen da aka nutsar kawai, bai san marayun da aka bari ba, bai kuma san kunyar wanda ya tsira ba.

Saboda haka, wanda ke son wasansa ya yi kama da gaskiya, sai ya buɗe wa ɗan wasa ƙofofin nan uku, ya kuma sa kowace ta ci masa wani abu da ba ya dawowa. Ba a fita daga ranar ƙarshe kyauta. Allah ya jiƙan magabata, amin.