Duba Lafiyar Ma'aji, Daga Gafaka Zuwa SSD

Tun zamanin da Gobirawa suka kafa Tibiri, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, har zuwa lokacin da kwalta ta ratsa Gidan Rumji da Agiye da Gazawa, babu abin da malamin wannan ƙasa yake tsoro ga littattafansa, in ka cire gobara, kamar gara da laima. Saboda haka idan damina ta janye, yakan sauko da gafaka daga maratayinta, ya kwance igiya, ya bi warƙoƙi ɗai-ɗai yana duban inda tawada ta kwanta da inda ƙwaro ya huda hashiya; wadda ya ga ta raunana, sai ya miƙa wa almajiri mai kyan hannu ya juya ta a sabuwar takarda, sa'an nan su zauna muƙabala, wannan na karantawa, wancan na bi da yatsa.

A yau kuwa, musamman tun da aka cire Gazawa daga Agiye a 2011 ofisoshi suka ƙaru, amanar da takarda ta daɗe tana riƙewa ta soma komawa cikin kwamfuta, a ma'ajin da ake kira SSD, wanda asalinsa fasahar da kamfanin Toshiba na Japan ya fito da ita a 1987. Tsohon faifan kwamfuta mai juyawa yakan yi ƙara idan ajalinsa ya matso, amma wannan ba ya juyawa balle ya yi kuka. Ƙwayoyinsa suna lalacewa kaɗan-kaɗan da kowane rubutu, zafin bazara da ɗaukewar wuta suna ƙara masa rauni, har ranar da zai ƙi buɗewa.

Alhali hisabinsa na cikinsa. Tun wajen 1995 masu ƙera ma'aji suka yi ittifaƙi a kan tsarin SMART, ta yadda mai gyara, da ya buɗe manhaja irin CrystalDiskInfo, zai karanta awoyin da ya yi yana aiki, da yawan abin da aka rubuta masa, da zafinsa, da kason da ya rage na rayuwarsa. Abin da ke damuna shi ne, galibin kwamfutocinmu na hannu ne, sun ci rabin ƙarfinsu a wata ƙasa, amma mai saye yakan duba allo da batir ya biya, bai nemi a nuna masa wannan lissafi ba, bai kuma tanadi wani ma'aji da zai juya takardunsa a ciki ba.